Kwatancen Gidan Inna

Ina da shekara shida Inna ta bar mu. Ta yi wani auren a wani tsohon birni da ke bakin teku, tafiyar kwana biyu, kuma ba ta sake waiwayarmu ba. Da Baba ya rasu, Yaya ne ya ƙarasa rainona. A gidanmu ba a maganar birnin nan. Ko a talabijin aka nuno ganuwarsa ta dutse, sai Yaya ya canja tasha.

Bara, ina bakin aiki a ɗakin haihuwa, wata mata ta kira ni. Ta ce ita maƙwabciyar Inna ce, ta sha wahala kafin ta sami lambata. Inna ta rasu kwana tara da suka wuce.

Ban yi kuka ba. Na nemi hutun mako guda, na sayi ɗan littafin masu yawon buɗe ido. Cike yake da hotunan bishiyoyin kwakwa, da ƙofofi masu sassaƙa, da tsofaffin bindigogi a kan ganuwa. Ya ce a zo da laima da maganin sauro, ya faɗi inda hoto ya fi kyau da yamma. Unguwar Inna kuwa ba ta ciki. Matar ta ce "bayan kasuwar kifi" kawai, daga nan wayarta ta daina shiga.

Na sami Yaya a shagonsa na gyaran agogo, ya maƙala gilashi a ido ɗaya, ya duƙufa.

"Yaya, ranar Asabar zan tafi."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Shi ke nan?"

"To me kike so, Auta? In goya ki?"

Na ce masa ban ma san yadda zan gane gidan ba. Ya ajiye agogon da ke hannunsa. Can sai ya yago bayan kwalin batir, ya zaro biro daga aljihu, ya fara zana mini hanya.

"In kin sauka daga jirgin fito, kada ki bi masu ɗaukar hoto. Ki yi hagu. Lungun matsattse ne, kuma in an yi ruwa yana da santsi. Za ki ga rijiyar da aka rufe da ƙarfe. Gida na uku, mai matakala biyu."

Na tsaya ina kallon hannunsa.

"Yaya, yaushe ka je?"

"Lokacin da Baba ya kwanta ciwo. Na ce miki kayan aiki zan saro." Ya cire gilashin ya murza ido. "Na same ta a ƙofar gida tana taje wa wata 'yar yarinya kai, suna ta dariya. Na jingina da bango ina kallonsu."

"Ta gan ka?"

"Ta gan ni. Ta ce, 'Samari, wa kake nema?' Na ce ɓatan kai na yi."

Na roƙe shi ya zo mu tafi tare. Ya ce yana da agogunan mutane.

Ranar Litinin na isa, ana zabga ruwa. Ban tambayi kowa hanya ba. Wata mata ce ta buɗe mini ƙofa, 'yar Inna, goshinta irin nawa sak. Ta ba ni tawul, ta raka ni maƙabarta, ta tsaya nesa har na gama addu'a. A hanyar komowa ta ce in yi haƙuri, ita sai ranar rasuwar ta ji daga bakin maƙwabciya cewa Inna tana da wasu 'ya'yan.

Da na dawo, Yaya ya tare ni a tasha, ya karɓi jakata.

"Ta taɓa maganarmu?" ya tambaya, idonsa a kan titi.

"Kullum," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya tsayar mana da tasi.