Baƙaƙen Kayan Thembeka

'Yata Thembeka ta kasa zama. Ta shiga kicin, ta fito, ta kunna sabuwar waƙarta, ta kashe, ƙafarta na ta bugun ƙasa a ƙarƙashin baƙin siket. Shekaru tana waƙoƙin coci, sai bana ta koma kiɗan disko, wanda ya sa duk Soweto ta san sunanta tun tana budurwa. Ranar Asabar za a ƙaddamar da sabon faifanta a filin ƙwallo, kuma ba a tallan disko a tsaye ƙiƙam. Ga shi har yanzu tana cikin baƙaƙen kayan takabar mijinta Bhekani. Shekara ta cika, amma dangin miji ne ke cire wa mace baƙi, su kuwa sun yi gum.

"Mama, haka nan zan hau," in ji ta.

"Rawa da baƙi? Ba da raina ba. Ko mai tumatir ba zai ƙara gaishe mu ba."

"Masu kamfani sun ce in ban hau ba sun gama da ni. Na haura hamsin fa, Mama. Wa zai sake kirana?"

Na ɗaura ɗankwali na hau tasi sai Orlando, gidan Nomalanga, yayar marigayin. Na same ta tana tuƙa tuwon masara.

"A'a, MaShezi, yau an tuna da mu? Ko tikitin rawa kika kawo min?"

"Da wannan gwiwar taki? Ai asara ce."

"Ƙanena bai gama kwanciya ba, matarsa na ɗinka wando mai ƙyalli."

"Ƙanenki a gidan disko ya gan ta, ba a coci ba. Ki zo ki cire mata kayan nan."

"Sai dangi sun zauna."

Dangin nan ba za su zauna ba sai Kirsimeti. Na jawo kujera.

"Nomalanga, da uwarku ta cika, duk kun tsaya bakin ƙofa kuna toshe hanci. Wa ya wanke ta?"

Muciyar ta tsaya a hannunta.

"Ke ce. Kuma ke da bakinki kika ce in ajiye wannan bashin sai ranar taki, ni zan wanke ki."

"Na faɗa. Yanzu nake so."

"In na biya yau, na biya ke nan, Mama. Ranar taki ki nemi wata."

Na san me take nufi. 'Yan kamfanin jana'iza masu safar roba, waɗanda ba su san sunan ubana ba. Thembeka kuwa ko kaza ba ta iya kallon a yanka. Na daɗe ina kallon tukunyar, har tuwon ya fara kamu.

"Juma'a da safe," na ce. "Akuyar da za a yanka tawa ce."

Nomalanga ta zo. Ta aske wa Thembeka kai, ta yi mata wanka, ta ƙona baƙin a bayan gida. Ko naman ba ta taɓa ba, ta ɗauki jakarta ta tafi.

Asabar da rana kiɗa ya tashi, Thembeka ta fito tana walƙiya, filin ya rikice, har tsofaffi na jefar da sanda. An ba ni kujerar gaba amma na kasa zama daidai. Sai waige nake, ina bin matan unguwarmu da ido ɗaya bayan ɗaya, ina neman wadda na taɓa yi wa abin da ya kai wanka.