Sunan Auta a Kundin Masu Bashi

Ga ta nan, ga ta nanku, babu gizo a cikinta, babu kura.

Ta zo mu ji ta, ko mai nauyi ce mu ɗauka.

To, akwai wani dattijo mai gyaran agogo. 'Ya'yansa uku, biyu sun yi aure sun yi nisa, saura ƙaramar, wadda kowa ke kira Auta har sunan yanka ya ɓace. Uwarsu ta rasu shekara bakwai da suka wuce, bayan doguwar jinya. Daga ita sai Baba a gidan haya mai ɗaki biyu, agogon mutane na ta ƙas-ƙas a kan kanta, kowanne da lokacin da yake faɗa.

Auta tana jiran kanti a wani ƙaramin kemis, albashin bai taka kara ya karya ba. Sai Allah ya kawo wani babban kanti yana neman mai karɓar kuɗi. Ta yi jarrabawa ta ci, har an auna mata rigar aiki. Ana saura mako biyu ta fara, manaja ya kira ta ofis, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Malama, mu duk wanda zai riƙe mana kuɗi sai mun duba sunansa a ofishin da ke ajiye tarihin bashin mutane. Naki ya fito da jan layi. Wai kin ci bashi ba ki ƙarasa biya ba."

"Ni? Ranka ya daɗe, ko katin waya ban taɓa ci bashi ba."

"To je ki wanke kanki. Zan riƙe miki gurbin zuwa ƙarshen wata. In ya wuce haka, ba a hannuna yake ba."

Washegari ta hau bene hawa uku zuwa wancan ofis. Kujerun roba a jere, fanka na juyawa kamar an yi mata dole, kowa riƙe da lambarsa, ba mai yi wa wani magana. Ai wurin da ake tonon asiri ba a cika gaisawa ba. Da layi ya zo kanta, ta zauna gaban wata ma'aikaciya, babbar mace mai tabarau da igiya a wuya. Matar ta danna kwamfuta, ta juyo mata da fuskar.

"Ga shi. Wani kamfanin ba da rance, shekara takwas da suka wuce. An biya wata takwas, saura huɗu aka daina. Kamfanin ya rushe, wani ya sayi basussukansa. Bashi kuwa, 'yar nan, ko mai shi ya mutu yana da magada. Duba sa hannun nan, naki ne?"

Auta ta duba. Sunanta ne, amma da ƙananan baƙaƙe a tsaye cak, irin rubutun mutumin da ya saba aiki da abin da ido ba ya gani sosai. Ta san rubutun. Shi ne a jikin kowace 'yar takarda da ake ɗaura wa agogon mutane a gidansu. Ta dubi kwanan watan: lokacin da Inna ke kwance ana ƙara mata jini. A watan ne ta karɓi katin shaidarta na farko, Baba ya ce ta kawo ya adana mata kada ya ɓata.

Ma'aikaciyar ta ga yadda fuskarta ta canja, ta rage murya.

"Hanya biyu ce. In ba ke kika sa hannu ba, ga farar takarda, ki rubuta cewa wani ya yi amfani da sunanki. Cikin kwana goma a goge miki tas. Amma daga nan takardar hannun 'yan sanda za ta, su kuma sai sun nemo mai hannun. In kuma kin yarda naki ne, ga shuɗiya, a tsara miki biya kaɗan-kaɗan. Sai dai jan layin ba zai tashi yau ba, ba zai tashi bana ba."

Auta ta karɓi kwafin takardar, ta ce za ta dawo. Ƙafarta ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙarƙashin matakalar wani bene inda Baba ke da teburinsa. Ta same shi da gilashin gyara manne a ido ɗaya, yana tsintar wani ƙaramin ƙarfe da hantsaki.

"A'a, manyan ma'aikata! Yau kuma an tuna da talakawa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwafin takardar a kan gilashin tebur. Ya cire abin idonsa, ya karanta, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ni ne," in ji shi. "Na je da sunana suka ce na tsufa, ba ni da albashi. Likita kuma ya ce a kawo kuɗin jini kafin la'asar. Na dubi katinki a aljihuna. Na ce in na biya, wa zai sani?"

"Amma ba ka biya ba, Baba."

"Na biya!" Har mai shagon kusa ya waiwayo. Ya sassauta. "Na biya, Auta. Wata na tara na je da kuɗina na tarar da kwaɗo a ƙofa. Na koma, na sake komawa. Karo na huɗu na tarar ana sayar da takalma a wurin. Na tambayi wani mai ilimi, ya ce in ka nemi mai haƙƙi ka rasa, ka yi sadaka da niyyar ladan ya je masa. To haka na yi."

Ya sunkuya ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur. Cike yake da rasit na kantin maganin asibiti, an ɗaure da roba. Ashe asibitin da Inna ta yi jinya yake komawa, ya tsaya bakin tagar kantin magani, duk wanda ya ga an miƙo masa takardar magani ya tsaya yana lalube aljihu, sai ya biya masa. Har ya cika wata huɗun nan, bai rage ko kwabo ba. A bayan kowane rasit ya rubuta sunan kamfanin da ƙananan baƙaƙen nan nasa.

Auta ta zauna a bencin masu jira. Haushi take so ta ji, ya ƙi zuwa yadda take so.

"Baba, kwamfuta ba ta san sadaka ba."

"To me suka ce?"

Ta gaya masa, farar takarda da shuɗiya, da maganar manaja, ba ta ɓoye komai ba. Ya mayar da rasit ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya rufe gwangwanin.

"Gobe tare za mu je."

Da safe ya fito cikin kayansa mafi kyau, waɗanda ba ya sawa sai za shi ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa. Matakalar ofishin sai da ya huta sau biyu. Da aka kira lambarsu ya ajiye gwangwanin gaban ma'aikaciyar, ya yi mata bayani tun daga farko, bai rage wa kansa laifi ba. Matar ta ɗaga rasit uku ko huɗu, ta juya bayansu, ta cire tabarau ta goge.

"Baba, wannan an rubuta maka shi a wani kundin, wanda ya fi nawa. Amma nawa ba shi da gurbin da zan sa shi."

"Na ji. Ba ta farar takardar. Ni na yi, ga ni, ba sai an wahalar da kowa wajen nema ba."

Ma'aikaciyar ta miƙo. Auta ta dubi takardar, ta dubi hannun Baba a kan tebur. Ta tuna rigar aikin da aka auna mata. Wallahi ta tuna, kada ku ce ba ta so aikin nan ba, ta so shi kamar ranta.

"Anti, ba ni shuɗiyar."

"Ke Auta, ba na son sakarci," in ji Baba. "Ni na gama cin zamanina. Me ya rage min da za a ɓata?"

"Kuɗin nan jinin wa aka saya da su?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Uwata ce. Da ka tambaye ni a ranar, da gudu zan sa hannu. Laifinka ɗaya, ba ka tambaye ni ba. Wannan kuwa tsakanina da kai ne, ba na 'yan sanda ba ne."

"Aikin fa?"

"Ka bar ni in ji da zafinsa. Kada ka ƙara min da kai maka abinci bayan kanta."

Ma'aikaciyar ta ce, "'Yar nan, ki yi tunani. In kin sa hannu ba a dawowa."

"Na yi tun jiya."

Ta karɓi biro ta rubuta sunanta da nata rubutun, manya-manya, a karkace. Baba ya juya fuska wajen taga. Da suka sauko, a bakin titi ya kama hannunta za su tsallaka, kamar tana 'yar shekara biyar. Ta bar shi ya riƙe.

Ƙurunƙus, ga yadda kowa ya ƙare. Manaja ya cika alkawari, ya jira har ƙarshen wata, sannan ya ba wata aikin. Auta ta koma kemis ɗinta. Ita da Baba suka haɗa hannu suka biya sauran bashin da abin da ya hau kansa cikin wata goma sha huɗu, aka rubuta "an biya" a gefen jan layin, layin kansa kuma bai goge ba sai bayan wasu shekaru. Yayyenta ba su taɓa jin labarin ba. Ma'aikaciyar ta yi ritaya. Baba ya ci gaba da gyaran agogo har idonsa ya gaza, ya rasu a ɗakinsa, da sunansa mai kyau a unguwa. Auta ta sami wani aikin daga baya, bai kai wancan albashi ba, a kansa take har yau.