Kan Sukkar a Bisa Tire

A gidanmu ba a sallamar baƙo da naman kasuwa. Haka na tarar ubana yana yi a garinmu Wadi Musa, haka na koya wa ɗana Mifleh. In an yanka wa mutum dabba, kanta ake ɗorawa a tsakiyar tiren mansaf, abincinmu na nama da miyar nono, bisa shinkafa, don kowa ya shaida saboda shi aka zubar da jini.

A bayan garinmu akwai gidan jinyar dabbobi, inda ake kai jakuna da dawakin da ɗaukar 'yan yawon buɗe ido ta gama da bayansu. Baƙi daga ƙasashe kan tsaya can su yi aiki kyauta, su kwashe kashi, su wanke gyambo, sannan su wuce. Ni ban taɓa gane hankalin wanda zai bar garinsu ya zo wankin jakin wani ba. Amma da karnuka suka far wa ɗan akuyata, suka yage masa kunne suka karya masa ƙafa, matata Fidda ta ƙwace wuƙa daga hannuna ta ce in kai shi can.

Wata dattijuwa ce ta karɓe shi, Ilse, mutuniyar Holan, Larabcinta kamar na yaron da ke koyon magana. Ita ta riƙe shi likita ya ɗinke kunnen. Ita ta riƙa ba shi madara a kwalba, ta sa masa suna Sukkar. Duk ranar da na leƙa sai in tarar yana bin ta da ɗingishi yana tauna bakin rigarta. Da ya warke, da kanta ta kawo min shi har ƙofa. Ya yi ɓul-ɓul, gashinsa na sheƙi, kunnen hagu ya naɗe kamar busasshen ganye.

Da na ji tafiyarta ta matso, na aika mata cewa abincin ranar Juma'a a gidana za ta ci. Na gayyaci dattawan unguwa. Zan fita masallaci na ce wa Mifleh, "Ka yanka mafi kyau a garke. Kada ka kunyata ni."

Na dawo na ga fata a shanye bisa katanga. Na san fatar.

"Mifleh! Wane ne wannan?"

"Mafi kyau ka ce, Baba. Nuna min wanda ya fi shi. Wanda ya tashi da madarar Turawa?"

"Jaki ɗan jaki!"

"To ai kanka ka zaga," in ji Fidda daga bakin murhu. Ta share hannu ta matso, ta rage murya. "A bar kan a tukunya. Nama duk nama ne, ba za ta gane ba."

"In ajiye wa dattijo irin Abu Salameh tire babu kai? Kafin la'asar gari ya ɗauka na ciyar da baƙuwa ragowar mahauta."

"To zaɓi wadda za ka iya haɗiyewa, Hajji."

Na zaɓi bakin mutane. Na ce a ɗora kan, amma a kwantar da shi ta hagu, a tura kunnen cikin shinkafa.

Ilse ta iso da ƙunshin karas a hannu. Ta gaisa da dattawa, aka zaunar da ita a wurin girma. Ba ta gama zama ba ta ce da ni, "Abu Mifleh, ina Sukkar?"

"Yana nan kusa," na ce. Da furfurata na faɗa, da carbi a hannuna, fitowata daga masallaci ke nan.

Aka shigo da tire. Abu Salameh maƙwabcina ne, ya girme mu duka, kuma bai taɓa ganin abu a karkace ya yi shiru ba. Ya dubi kan ya tsuke baki.

"Wa ya kwantar da shi haka kamar mai ciwon haƙori? Yaran yanzu! Baƙo ake fuskantar da shi."

Ya sa hannu ya miƙar da kan, ya juya shi saitin Ilse. Babbaka da dahuwa ba su ɓoye komai ba. Ga kunnen nan a naɗe, ga layin ɗinki.

Mifleh ya buga ƙirji. "Naki ne, Inna! Ke kika yi kiwo, ke za ki ci. Babu kamarsa a garken."

Ta sa hannu ta rufe baki. A wurinmu babu mai miƙa hannu sai baƙo ya fara. In kuwa baƙo ya tashi bai taɓa abincinka ba, jikokinka ma sai an goranta musu. Mai gida ba ya zama cin abinci, tsayuwa yake da ludayi yana zuba miyar nono, don haka ban sami inda zan kai fuskata ba.

Ta ɗago ta dube ni. Idonta ya cika.

"Kusa," ta ce. Kalmata ta maido min.

Na so ta zage ni. Na so ta tashi ma. Sai ta naɗe hannun riga, ta kai hannu can gefen tire inda nama bai kai ba, ta dunƙula shinkafa yadda aka koya mata, ta kai baki. Na ga yadda ta haɗiye da ƙyar. Dattawa suka yi bisimilla suka faɗa wa tire. Ta rufa min asiri a gaban mutanena, ni da na yi mata ƙarya a cikin ɗakina.

Da aka wanke hannu, Mifleh ya zuba gahawa ya miƙa mata. Ta karɓi finjalin, ta ajiye shi a ƙasa ba ta kurɓa ba. Ban san wanda ya sanar da ita wannan ba. Baƙon da ya ajiye gahawarsa yana da buƙata, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya ɗauki alkawari.

"Sha gahawarki," na ce. "Abin da kike so kin samu."

"Ba ka ji ba tukuna."

"Ko mene ne."

"Uwar Sukkar. Babu wuƙa. Babu kasuwa. Har ta mutu da kanta."

Akuyar ta tsufa, nononta ya kafe, na riga na yi wa mahauci maganarta. Na ɗora hannu a ƙirji na rantse a gaban dattawa. Ilse ta ɗauki finjalin ta shanye, ta girgiza shi alamar ta ƙoshi. Da za ta fita ta miƙa wa Fidda karas ɗin, suka rungumi juna. Ni kai kawai ta gyaɗa min.

Akuyar tana nan. Ba ta haihuwa, ba ta ba da madara, ta cinye na'ana'ar Fidda har saiwa. Abu Salameh in zai wuce sai ya leƙo ta katanga ya ce, "Hajji, yaya jikin uwargida ƙarama?" Ni nake kai mata ciyawa da hannuna, ban yarda Mifleh ya je kusa da ita ba. In na zuba mata, baya nake juyawa in fita tun kafin ta ɗago kai.