Incin da Aka Rage Wa Inna

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma motata ce ta ja min shi.

Sai ga ni a cikinta da hantsi, jar nan mai ƙofa biyu wadda cikinta ke kusan lasar ƙasa, Inna tana zaune a gefena da carbinta. Asibitin ƙashi zan kai ta saboda ciwon bayan da ya hana ta ruku'u. Likita ya ba ta ƙarfe goma, in ta wuce kuma sai bayan wata uku. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma taɓa buɗe baki ta ce wani abu nawa bai yi ba.

Garin da muka shiga ba a tambayar mutum sunan ubansa, wilin motarsa ake dubawa, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai. Mai inci sha biyar ba a amsa masa sallama. Mai sha bakwai irina ana amsawa, amma ba a ɗago kai. A bakin titi na hango abokina Ɗanliti da sauran 'yan majalisarmu a kan benci. Suka taso suka zagaye motar, suka leƙa tayoyin, sannan suka yi layi suna min ta'aziyya. Ɗanliti ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri, kowa da irin jarrabawarsa. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Ban san yadda aka yi ba, sai ga mu har da motar a cikin wani ofishi a hawa na uku. An rubuta Sashen Ƙarin Girma a ƙofar. Wani bunsuru mai tabarau ne a kan kujera, yana karanta takarda yana cinye layin da ya gama. Na ce wili nake so a ƙara min. Ya bayyana min cewa a ƙasarsu da'irar taya ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, duk incin da aka ƙara wa ƙarfe daga jikin roba ake yanko shi.

“Amma aikin robar ba ya ɓacewa,” in ji shi. “Dukan da take sha a hanya, wani ne zai sha.”

“Wa?” na tambaya.

“Wanda ba zai yi magana ba.”

Na gane sarai, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na juya na tambayi Inna ko tana da ta cewa. Ta kalli taga, ta ce wa bunsurun a yi wa yaron abin da yake so. Na sa hannu a kan inci sha tara, ya buga hatimi da kofato, ya cinye takardar.

Muna kan hanya. A ƙasar nan kiwon ramuka ake yi. Na ga ma'aikata da rigunan aiki suna bin kwalta suna ba ƙananan ramuka ruwa don su girma, manyan kuma har an raɗa musu suna. Da hadari ya haɗu, daga cikinsu ruwan ya riƙa tashi sama, mutane suka shimfiɗa laima a ƙasa suka tsaya a kai. Ramukan suna da ladabi, ko ka kauce sai su taso su tare ka su gaisa. Muka faɗa na farko, na ji shi har cikin haƙorina. Da na waiwaya, ɗankwalin Inna ya sauko daidai kafaɗata, alhali ɗazu kanmu ɗaya.

Mitar gudu ta nuna tamanin, bishiyoyi kuwa suna wucewa kamar an kore su. Na ƙwanƙwasa gilashinta, ta ce in gafarce ta, tunda aka taɓa tayoyin nan ita ma kintata kawai take yi.

Ofishin bunsurun ya sake tare mu, wannan karon a tsakiyar gada. Ya ce Ɗanliti ya sa ashirin. Na ce a ba ni ashirin da biyu. Robar da ta rage ba ta fi kwallin da aka zizara wa ido ba. Muna fitowa gari ya miƙe tsaye. Wani maroƙi ya durƙusa yana yi wa wilin baya na hagu kirari, Ɗanliti ya cire hularsa ya kifa wa madubin motar. Daɗin da na ji a lokacin, ban taɓa jin irinsa ba, har na manta ƙarfe nawa.

Ramuka goma sha ɗaya na ƙirga kafin asibiti. Da na tsaya, kujerar gefena babu kowa. Na ɗaga mayafin, babu. Can na same ta a ramin da ake ajiye kofin shayi, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba, tana jan carbi. Na ɗauko ta a tafin hannu na ruga ciki.

Likitan mai faci ne, da farar riga da gejin iska a wuya. Ya tambaye ta inda ke mata ciwo.

“Mota ce mai kyau,” ta ce. “Allah ya sa albarka.”

Ya ce irin waɗannan ba a gane su da tambaya. Ya jawo bahon ruwan da ake gwada tiyub, ya tsoma ta a hankali. Kumfa ya fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne in ya fashe sai magana ta fito da muryarta. Na farko ya ce bayana. Na biyu ya ce a hankali. Suka yi ta fitowa, har da na tun ina makarantar firamare. Daga ƙarshe wani babba ya taso daga ƙasan bahon, ya daɗe yana yawo a saman ruwa kafin ya fashe.

“Tijjani.”

Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na buɗe baki zan amsa, sai ƙarar hon ta fito maimakon murya, siririya, sau biyu.

Na farka. Hon ɗin a-daidaita-sahu ne a ƙofar gida, agogo ya nuna takwas da rabi. Na fito ba takalmi na tarar da matata Baraka tana rufe ƙofa. Motata tana nan a tsakar gida a kan sababbin wilin da na sa mata masu inci ashirin, waɗanda na ɗauko Inna da su daga ƙauye ranar Juma'a, tafiyar awa uku, ba ta ce uffan ba.

Baraka ta ce Inna ce ta sa aka kira mai a-daidaitan tun da asuba, ya zo ya kai ta asibiti. Inna ta ce kada a tashe ni, kuma kada a wahalar da motar.