Shafin Tsakiya

Ina da wani ɗan hali da ban cika faɗa ba: in na ga mutum riƙe da jaridarmu a titin Kwatano, sai in rage tafiya in leƙa inda ya buɗe. Shekara goma sha tara ina wannan leƙen, ban taɓa kama kowa a shafin tsakiya ba. Shi ne shafina.

Jaridar kyauta ce, duk Alhamis take fita. Mahaifin Madam Ablawa ne ya fara ta da falle ɗaya: ɗakin haya, tsohon babur na sayarwa, sanarwar taron tunawa da mamaci. Yau ta yi kauri, ko'ina talla mai launi, ban da fallen tsakiya. Nan nake ba da tarihin unguwanni da baƙin rubutu zalla, a bayansa kuma ƙananan sanarwa marasa hoto.

Ran nan Madam Ablawa, wadda ta gaji kujerar mahaifinta, ta kira ni.

"Fofo Dansu, wani mai sayar da katifa yana son shafinka."

"To masu karatuna fa?"

"Su wa? Kai da matarka?"

"Matata ba ta karantawa," na ce, don ni ba na ƙarya.

Aka cire ni. Alhamis biyu katifu ja da shuɗi suka miƙe a gurbin tarihin unguwar Akpakpa. Na ci gaba da zuwa ofis ina gyara lambobin waya a tallan mutane, ina kurɓar shayi.

A ta uku sai ga mata biyar, masu suyar kifi a gindin gada. Babbarsu, Tanti Akuwavi, ta dangwarar da jaridar a teburin Madam Ablawa.

"'Yata, ina shafin bawan Allahn nan? Shi muke jira duk mako. Ɗari uku muke kwasa tun babanki na da rai. In babu shi, ku riƙe abarku."

Ɗari uku ba wasa ba, domin yawan da ake kwasa shi ake nuna wa masu talla. Madam Ablawa ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ni kuwa na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, yadda kowa zai lura.

Mako na gaba shafina ya dawo, katifa ta koma baya. Na taka har gindin gada don godiya, na tambayi Tanti wane labari ya fi burge ta.

"Labari? Kai Fofo, ni ko sunana ba na ganewa a takarda." Ta zare fallen tsakiya, ta naɗe mini kifi biyu da zafinsu. "Masu launin nan zuba suke a jikin kifi, mai saye ya ce na ba shi fenti. Da su muke hura wuta. Naka ne kaɗai mai amfani."

A tsaye na ci kifin. Tarihin Akpakpa, kashi na biyu, ya sha mai sosai, kuma ko ɗigo bai zuba ba.