Kansila Ta Ƙofar Baya

Kwana tara da rasuwar Gwaggo, Tela ya kasa ɗinka ko da aljihu. Shekara ashirin yana biye da ita, fayil ɗin koke-koken unguwa a hammata. Ita ta sa aka kwashe bolar bakin makaranta, ita ta tsaya gaban motar rusau har direba ya gaji ya juya. Kyanwa kuwa, ko wadda mota ta take ce, gidanta ake kaiwa. Ranar Asabar kwamitin unguwa zai sa wa sabon famfo sunanta, Tela ne zai yi jawabi.

Yana neman abin faɗa a cikin fayil, sai ga 'yar takarda da rubutunta: "Kansila na zuwa ta ƙofar baya da hantsi. A ajiye masa nasa. Kada maƙwabta su gani."

Kansila fa! Mutumin da ta shekara uku tana yi wa tas a gaban jama'a? Tela ya sake karanta takardar. Ashe shi ya sa maganar filin ƙwallon da take nema wa unguwa ta mutu murus bara? Me ya sa ba ta karɓar baƙi kafin ƙarfe goma? Abin ya ci masa rai, ya kai wa Mai Kemis takardar, shi kuwa bakinsa rariya ne. Kafin la'asar rabin kwamiti sun ce a dakata da zancen famfo.

Washegari da hantsi ya laɓe bayan tankin ruwa a lungun gidan, yana jiran ya ga mota. Babu mota. 'Yar marigayiyar ce ta buɗe ƙofa, idonta a kumbure, kwanon roba a hannu.

"Kansila! Zo mana, munafuki."

Wani ƙaton muzuru mai ido ɗaya ya diro daga katanga, ya sa kai a kwano ko kallonta bai yi ba.

"A'a, Baba Tela, lafiya kake bayan tanki?"

"Shi ne... Kansilan?"

"Shi ne. Inna ce ta raɗa masa, wai ba a ganinsa sai lokacin ci. Maƙwabta sun rantse sai sun kashe shi saboda 'yan tsakinsu, shi ya sa muke ɓoye shi."

Kunya ta rufe Tela, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ta ɗauki kwanon. "Jiya matar Mai Kemis ta zo, kuma ba ta'aziyya ta kawo ta ba. Wai an ga takarda, wai Inna ta sayar da unguwa. Na ce ƙarya ne, takardun Inna suna hannun Baba Tela, shi ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai ba kowa ba."

Ta dube shi. "Ko sace maka aka yi, Baba?"