Rahoton Kogi a Teburin Sai-an-zauna

Ni dai ban taɓa ganin wurin da ake kashe mutum da ladabi irin laburaren da nake aiki ba. Kowa magana ƙasa-ƙasa, kowa "sannu da aiki", amma kawo abin gaggawa ka ga yadda za a shimfiɗa masa tabarma ya kwanta.

Aikina kula da rumbun bayanan muhalli. Manhaja ce a kwamfuta da ta haɗa ɗakunan karatu na ƙasashen da kogi ɗaya ya ratsa. Wanda ya ga wani abu a ruwa ko a iska sai ya shigar, saura su gani. Sai dai akwai ƙa'ida: rahoton da ya shafi kogin ba ya tsallake kowa. Na saman kogi su turo mana, mu duba mu amince, sannan ya buɗe wa na gangare. Wai don kada wata ƙasa ta ɓata sunan wata. To, mu ne a tsakiya.

Ranar nan ko jaka ban ajiye ba na ga jan rubutu a allon kwamfuta. Daga laburaren sama ne. Katangar tafkin da wani kamfanin wanke ma'adinai ke tara dagwalonsa ta fashe bayan ruwan sama, guba ta shiga kogi, tana gangarowa. Ga hotuna, ga sakamakon gwaji. Abin kuwa ya shafe ni, domin autarmu tana aure a ƙasar gangare, kuma kifi take kiwo. Tafkunanta daga kogin suke sha. Duk abin da yarinyar nan ta mallaka yana iyo a cikin ruwan, ga shi ta kusa kwashewa.

Nan take na kira ta.

"Auta, ki toshe ruwa. Yanzu yanzu. Guba na zuwa."

"Yaya, wace guba kuma da sassafe?"

Na yi mata bayani a gurguje. Ta ce magudanar ba tata ba ce ita kaɗai. Ƙofa ɗaya ce ke ba masu kifi da masu lambu ruwa, makullin yana hannun shugaban ƙungiyarsu, shi kuwa ba ya rufewa sai ofishin ruwa ya ba da sanarwa.

"In na je na ce yayata ce ta faɗa, dariya zai yi mini. Ku turo musu mana, ba shi kenan ba?"

Shi kenan, in ji ta. Allah sarki.

Amincewar ba a hannuna take ba, kalmar sirrin tana wurin shugaban laburare. A bayan idonsa Sai-an-zauna muke kiransa, don ko ƙwan fitila ne ya mutu, amsarsa kenan. Na same shi yana goge tabarau da bakin riga.

"Yallaɓai, rahoto ne na gaggawa. Dannawa ɗaya kawai za ka yi."

Ya karanta a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya gyaɗa kai.

"Babbar magana. Ai irin wannan sai an zauna."

"Yallaɓai, ruwan ba zama yake yi ba, tafiya yake yi!"

"Ki kwantar da hankalinki, Malama. Ina lambar rukuninsa? Kin san ba a sakin abu babu lamba."

Haka ne kuwa, wannan ita ce al'adar gidanmu. Ko takardar gayyata ce ta shigo, ba mai karanta ta sai an san kantar da za ta zauna. Na sauka da gudu wurin dattijon da ke ba littattafai lamba, Baba Mai Lamba. Mutumin kirki ne, wallahi, yakan raba mini shayinsa. Amma ranar nan, da na samu dama da na shaƙe shi.

"Baba, don Allah lamba. Kowace iri."

"Kowace iri?" Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "'Yata, manhajar nan rukuni ɗaya take karɓa. In na sa shi a Ruwa, mai neman Ma'adinai ba zai gan shi ba. In na sa a Ma'adinai, kamar mun nuna kamfanin maƙwabta da yatsa ne. Akwai kuma Gurɓatar Muhalli, amma shi wannan..."

"Baba, sa shi a Girke-girke ma, in dai zai fita!"

Bai yi dariya ba. Ya jawo ƙaton littafin rukunai, ya lashi yatsa, ya fara buɗawa. Wai tun da ya fara aiki bai taɓa ajiye abu a kantar da ba tasa ba, kuma ba a kaina zai fara ba.

Na koma teburina ina huci. Na ɗauki hoton allon da wayata, na tura wa takwarata ta laburaren gangare, wata baiwar Allah da ban taɓa gani ido da ido ba. Ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Da ƙafarta ta taka har ofishin ruwansu. Suka ce hoton waya ba rahoto ba ne, kowa ma zai iya haɗa shi, sai abin ya fito a rumbu da amincewarmu. Ta rubuto mini: "'Yar uwa, ku muke jira." Na karanta, kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya.

Auta ta yi ta kira. Ta je wurin shugaban ƙungiyar har gida, ya ce in ya rufe ƙofa a kan jita-jita lambun mutane ya bushe, wa zai tare masa faɗa? Ta ce ta gwada toshe bakin tafkunanta da buhunan yashi ita da mijinta, ruwan yana ratsawa. Na ce ta ƙara haƙuri, gobe za a zauna. Ni da bakina na faɗi kalmar nan, har sai da na ji ɗacinta a harshe.

Washegari aka zauna. Kai, jama'a! Aka fara da karanta abin da aka tattauna a zaman baya. Aka yi maganar fankar ɗakin jaridu da ke ƙara. Ina zaune ina karkaɗa ƙafa, biro na neman karyewa a hannuna. Da aka iso kan rahoton, Baba Mai Lamba ya miƙe ya ce ya kwana yana tunani, Ruwa ya fi dacewa. Sai-an-zauna ya ce to amma kalmar "guba" ta yi nauyi, ko za a ce "sinadari"?

Ban san lokacin da na buga tebur ba.

"Yallaɓai, kifin ƙanwata ba su san bambancin ba! Ka danna abin nan, don girman Allah!"

Sai-an-zauna ya dube ni. Ya cire tabarau, ya ce a rubuta cewa Malama ta ɗaga murya a zama. Na ce a rubuta da manyan baƙaƙe. Sannan ya juya ga kwamfuta, ya shiga laluben kalmar sirri da yatsa ɗaya, ya kuskure, ya sake. Jan rubutun ya koma kore.

"Kin gani?" in ji shi. "Komai a kan tsari."

Na ɗauki wayata. Na fita baranda na kira Auta.

"Ya fita! Ki ce su duba, ya fita!"

"Sun gani, Yaya. Yanzu aka rufe ƙofar."

Muryarta ce ban gane ba. Babu kuka, babu faɗa. A bayanta ina jin ƙarar bokiti da mutane suna magana sama-sama.

"Auta, mene ne?"

"Tun da safe ruwan ya canza kala. Kifin sun taso sama gaba ɗaya, ciki a waje. Muna kwashewa ne mu binne, kada yara su ɗauka."

Na jingina da bango. Na buɗe baki in ce ƙa'ida ce, in ce shugaba ne, in ce lamba ce, na rasa wanda zan fara da shi.

"Yaya," ta ce a hankali, "ni fa na gaya wa kowa kada ya damu. Na ce yayata ce ke aiki a wurin."